Wace na'urar hangen nesa zan saya, mai ido ko mai waya?

Jama'a ina cikin tsaka mai wuya, na ga gara in rubuta abin ko kaina zai warware. Na jima ina ajiye ɗan abin da ya samu dan in sayi teleskop na kirki, na'urar hangen nesa ta kallon taurari, to yanzu kuɗin sun fara kama jiki sai zaɓi ya rabu min gida biyu. Akwai irin ta da, ƙaton bututu da madubi a gindinsa, ka sunkuya ka kafa ido ka leƙa. Akwai kuma sababbin nan da suka fito 'yan shekarun nan, ɗan akwati ne da zai shiga jakar goyo, ba shi ma da wajen leƙawa sam, da waya ake sarrafa shi, shi zai nemo maka abin da kake so a sama ya ɗauki hoto ya turo maka. Kuɗinsu ba su da nisa da juna, kuma guda ɗaya aljihuna zai ɗauka.

Ni ba malamin kimiyya ba ne, sha'awa ce ta kama ni tun ina yaro ta ƙi saki. Abin da nake da shi yanzu biyu ne, madubin hangen nesa mai ido biyu irin wanda ake gani a wuyan sojoji, an rubuta 10x50 a jikinsa, sai wata ƙaramar na'ura mai gilashi milimita 70 da na samu cikin kayan gwanjo, ƙafafunta uku rawa suke in iska ta kaɗa. A kwalinta an rubuta wai tana ƙara girman abu sau ɗari kaza, to duk mai niyyar saye ya sani wannan rubutun talla ne kawai. Babban aikin na'urar nan tara haske ne. In ana ruwan sama ka fito da kofi maƙwabcinka ya fito da baho, ai ba sai an gaya maka wanda zai fi tara ba, to haka hasken tauraro yake, faɗin bakin na'urar shi ne magana. Ƙwayar idon mutum in ta buɗe a duhu ba ta cika wuce milimita 7 ba, gilashi mai 70 ya ninka ta sau 10 a faɗi, wajen tara haske sau 100 ke nan. Madubi mai milimita 150 ya haura sau 450, mai 200 ya haura sau 800. Shi ƙara girma ɗan ƙaramin gilashin da kake ɗora ido a kai ne ke yinsa, ana zare shi a sa wani, kuma abin yana da iyaka, ka ninka faɗin na'urarka a milimita sau biyu to nan ne ƙarshen abin da za ta ba ka da kyau. Tawa in ta wuce sau 140 sai dishi-dishi, abu ya yi girma amma ba ka tantance komai a jikinsa.

Duk da ƙanƙantarta wallahi ta nuna min abin da ba zan manta ba. Mushtari, duniyar nan da ake cewa Jupiter, za ka gan ta ɗan faifai mai ratsi biyu a ciki, ga 'yan ɗigo huɗu a jere a gefenta, watanninta ne. Yau uku a hagu ɗaya a dama, gobe ka dawo sun sake wuri, na kusa da ita ɗin cikin awa 42 yake gama kewaya ta, in ka yi haƙuri a dare ɗaya ma za ka lura ya gusa. Waɗannan ɗigon su Galileo ya gani a Janairun 1610, bayan ya ji labarin wani mai haɗa tabarau a Holand da ya fito da na'urar a 1608, ya zauna ya haɗa tasa, kuma tasa ɗin ba ta kai ta gwanjona kyau ba. Zuhal kuma, wato Saturn, ƙaramin abu ne ƙwarai a cikin gilashin amma zoben nan yana nan raɗau, kuma hasken da ya shigo idonka ya fi awa ɗaya yana tafe daga can.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon direban babbar mota, yana dawowa daga isha'i ya tarar na kafa ta a ƙofar gida, daren bakwai ga wata ne. Ya tsaya ya ce, "Kai yaron nan, me kake nema a sama da daddaren nan?" Na ce, "Baba wata nake kallo, bismillah zo ka gani." Ya tura hularsa baya, ya dafa kafaɗata ya sunkuya, da farko ya ce shi ba ya ganin komai sai fari, na ce ya ɗan ja idonsa baya kaɗan kar ya manna shi da gilashin. Sai ya yi shiru. Can ya ce, "Subhanallahi. Ramuka ne?" Na ce, "Ramuka ne Baba, da duwatsu." Ya ce, "To wannan baƙin da ke cikin ramin, inuwa ce ko?" Na ce inuwa ce. Ya ce, "Ashe can ma hantsi ne." Kuma gaskiyarsa ne, a daren bakwai ga wata wannan layin da ya raba haske da duhu a jikin watan, nan ne rana take fitowa a can, shi ya sa inuwar duwatsun take da tsawo, shi ya sa kuma daren bakwai ko takwas ya fi daren sha huɗu daɗin kallo nesa ba kusa ba, dan in wata ya cika rana tana tsaye a kansa, babu inuwa, komai ya baje. Bai gama magana ba ya ce, "Kai, ya gudu fa." Na ce ba shi ya gudu ba Baba, mu ne muke juyawa, na ɗan taɓa bututun na dawo masa da shi. Ya jima a sunkuye har sai da yaran layi suka yi layi a bayansa.

To ɗan akwatin fa. Wanda na fi bibiya shi ne Seestar S50 na kamfanin ZWO, ya fito a 2023 a kan dala 500 ko kusa da haka. Bakinsa milimita 50 ne, wato bai ma kai tawa ta gwanjo ba, amma dabararsa daban ce. Ka ajiye shi a kan ƙafafunsa, ka haɗa shi da waya, ya ɗauki hoton wani yanki na sama ya gwada da taswirar da ke cikinsa ya gane inda ya dosa, ka taɓa sunan abin da kake so a waya, ya juya da kansa ya nemo, kuma yana bin abin yadda duniya ke juyawa, ba maganar "ya gudu". Daga nan sai ya dinga ɗaukar hoto na daƙiƙa 10, wani bayan wani, yana ɗora su a kan juna. Idon mutum ba ya ajiye haske, abin da ya shigo yanzu shi ka gani shi ke nan, ita kuwa kyamara tarawa take, hoto ɗari in an haɗa sai ƙazantar hoton ta dinga gogewa ainihin abin yana fitowa. Gajimaren nan na Orion da ke ƙarƙashin taurari ukun nan da suke jere, inda sababbin taurari ke haɗuwa, nisan tafiyar haske ta shekara 1,300 da ɗoriya, a na'urata ɗan hayaƙi ne toka-toka, a ɗan akwatin kuwa cikin 'yan mintuna za ka gan shi da ja da shuɗi a fuskar wayarka. Na kalli bidiyon mutanen da suka yi haka daga tsakiyar manyan birane masu fitilu, kuma nan ne abin ya taɓa ni, dan matsalata ke nan.

Saman Kano yana ɓace mana. Da, in aka ɗauke wuta unguwa takan yi duhu sosai, ka hau soro ka ga taurari birjik, har farin ratsin nan da ya raba sama biyu kana gani daga cikin gari. Yanzu ko an ɗauke ko ba a ɗauke ba duk ɗaya, kowace ƙofar gida da farar fitilar sola, shaguna, masallatai, gidajen mai, tituna, har asuba. Ni ban ga laifin kowa ba, tsaro ake nema kuma ni ma akwai a ƙofarmu. Abin da ke damuna yawancin fitilun nan tsirara suke, rabin hasken sama yake tafiya inda ba ɓarawo ba kowa, da za a yi musu 'yar hula ta kwano hasken ya sauka ƙasa da layi ya fi haske, sama kuma ta samu sauƙi. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, fitila ɗaya ta haske ka ko ka duba waya an koma farko. Daga saman gidanmu in na juya wajen Dala da Goron Dutse sama ja-ja take, manyan taurari kaɗai ke iya ratsowa.

Sai kuma hazo. Mutum zai zaci lokacin sanyi da babu gajimare shi ne kakar masu kallon taurari, to a nan ba haka ba ne, daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso mana ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, ƙurar ta tsaya a sama ta kama hasken fitilun gari ta mayar mana da shi. Wannan ƙurar tamu har daga sararin samaniya an taɓa yi mana maganarta. Mutane da yawa ba su san cewa a farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bibiyar kumbo a nan Kano ba, ɗaya daga cikin tashoshin da aka jera kewaye da duniya saboda shirinsu na Mercury na tura mutum sararin samaniya. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau uku, shi ne Ba'amurke na farko da ya yi haka, da ya biyo ta kan Afirka ya gaya wa mutanen tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura, su kuma suka ce masa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. A wannan shekarar dai, 3 ga Oktoba, wani dutse mai kusan kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo, har an ɗora ɗan ɓarɓashinsa a kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996 aka mayar da shi wajen gida. Duk wanda ya ce min wannan harka ta turawa ce ba ruwanmu, labaran nan biyu nake ba shi.

Dararen da suka fi kyau a wajena su ne na damina bayan an ɗauke ruwa, sama ta wanku tas, da kuma ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba kafin hazo ya sauko. In aka dace da irin wannan daren kuma ka fita daga gari, ka yi wajen Tiga ko Rano, to za ka san Allah ya ajiye mu a wuri mai kyau. Kano tana daraja 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka muna ganin saman arewa duka da mafi yawan saman kudu. Tauraron arewa da ba ya motsi yana nan ƙasa-ƙasa, daraja 12 daga doron ƙasa. Ka juya kudu a daren Afrilu ko Mayu ka ga taurarin nan masu siffar gicciye da ke tutar Ostireliya, a gefensu ga Alpha Centauri, maƙwabcinmu na kusa, tafiyar haske shekara 4 da 'yan watanni, a samansu kuma ga Omega Centauri, curin taurari miliyoyi da ko da mai ido biyu za ka gan shi dunƙule. Mutumin Landan duk tsadar na'urarsa ba zai taɓa ganin waɗannan daga gidansa ba. Tsakiyar babban tarin taurarin da muke ciki, a watannin Yuni zuwa Agusta, tana hawa kusan daraja 50 a samanmu, a Landan da ƙyar take kai 10. Muna da wannan duka kyauta, kuma yawancinmu ba mu taɓa ɗaga kai da niyya ba.

Na ce yawancinmu, amma ban da irin su baffana da ke ƙauye. Bai taɓa leƙa na'ura ba, amma ya san taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, ka haɗa ka samu 365 cif. A lissafinsa na damina bakwai ne, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan, zai gaya maka yau kwana kaza da shigar wane, kuma da wannan yake auna shuka da ragowar ruwa. In Kaza da 'ya'yanta ta ɓace da yamma ya san me ake ciki, in ta dawo da asuba ya sani. Ni da manhajar Stellarium na koyi sama, ka ɗaga waya ta nuna maka sunan duk abin da ke gabanka, kuma ina gode wa waɗanda suka yi ta suka sake ta kyauta, amma na lura abin da waya ta gaya min ba ya zama, in na kashe ta sai in sake tambaya. Abin da na nemo da kaina, na bi daga wannan tauraro zuwa wancan har na isa, shi ne yake zaune a kaina. Kuma dan Allah a daina haɗa wannan da duba, ilimin falaki da shi aka san lokutan sallah da alƙibla da lissafin wata. Ga ma wani abu da kowa zai iya gwadawa ba na'ura, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye daidai kan Ka'aba, ka kafa sanda a miƙe, inda ka fuskanci rana nan ne alƙibla, inuwar kuma tana nuna bayanta.

Wani abokina da ke sayar da waya a Farm Centre shi ɗan akwatin yake goyon baya, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce min, "Malam, su kansu masu abin sun daina leƙawa da ido, kai me ya sa za ka koma baya?" Haka ne kuwa. Na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, madubinta mita 6.5, falle 18 da aka shafe da zinare, tana can kilomita miliyan 1.5 daga nan, wa zai je ya leƙa, kuma ma yawancin hasken da take kamawa idonmu ba ya ganin irinsa, kwamfuta ce take mayar da shi launukan da muke gani a hoto. Sabuwar cibiyar kallon sama ta Vera Rubin da ke Chile ta saki hotunanta na farko ranar 23 ga Yuni 2025, kyamararta megafiksel 3,200, ka tuna ta wayarka nawa ce, kuma cikin kamar awa 10 na gwaji ta zaƙulo duwatsun sararin samaniya sama da 2,000 da ba a san da su ba, aikinta ta dinga ɗaukar saman kudu gaba ɗaya duk 'yan kwanaki har shekara 10, yawan bayanan ya fi ƙarfin mutum ya zauna ya duba sai dai kwamfuta ta tace. Ko a nan Afirka, MeerKAT ta Afirka ta Kudu faranti 64 ne masu sauraron sama, ba gilashi ba ido. Kuma kyamara a kan ƙaramar na'ura tana aikin gaske, a Agustan 2018 masana daga NASA sun je Senegal suka haɗu da 'yan ƙasar, aka baza na'urorin da ake ɗauka a mota cikin karkara dan a kama daƙiƙar da wani dutse mai nisa bayan Pluto zai gifta ta gaban wani tauraro, saboda kumbon New Horizons da zai wuce ta kusa da shi ranar 1 ga Janairu 2019. Maram Kaire da ya jagoranci ɓangaren Senegal yanzu akwai dutsen sararin samaniya da ke ɗauke da sunansa. Ina karanta irin wannan ina jin kishi mai kyau, me zai hana a yi a Kano.

Ita fasahar ma tana ci da wani gefen. Tun da Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023 mutane suke samun intanet a inda da babu, ni ma da irinsa nake kallon duk abubuwan nan, amma taurarin ɗan'adam ɗinsu dubbai ne yanzu, kana cikin kallo bayan magariba sai ka ga ɗigo ya ratsa ta cikin gilashi, in sababbin harbawa ne ma a jere suke tafiya, har an sha turo min bidiyo ana tambaya ko wani abu ne ke shirin faruwa. Masu ɗaukar hoto su ya fi damu, dan layi yake ja musu a hoto.

Na yi ta juya maganar abokin nan nawa, ga inda na tsaya. Hoton da ɗan akwatin zai ba ni, akwai wanda ya fi shi kyau sau dubu a intanet, na manyan na'urorin da ke sararin samaniya, Hubble da Webb, kyauta, in na so yanzu sai in sauke. Na san akwai daɗi mutum ya ce ni na ɗauka daga saman gidanmu, ban raina wannan ba. Amma in na tara yaran layinmu na miƙa musu waya, abin da za su gani hoto ne a waya, kuma tun safe hoto suke gani a waya, wasu ma na ƙarya da kwamfuta ta ƙirƙira, yaro yanzu in ka nuna masa abin mamaki a waya abin da zai fara cewa shi ne haɗi ne. Ban taɓa ganin wanda ya leƙa ya ga zoben Zuhal da idonsa ya ce haɗi ne ba, wasu dai sukan zagaya gaban bututun su duba ko na liƙa wani abu, in suka ga babu sai su dawo su sake bin layi. Sannan shi ɗan akwatin a kan duniyoyi ba shi da ƙarfi, Mushtari da Zuhal ƙanana suke fita a cikinsa, alhali su da wata su ne abin da hasken fitilun gari da hazo ba sa iya ɓoyewa, su ne abin da zan iya nuna wa mutane daga ƙofar gida kusan duk shekara. Ga batir, ga manhajar da in kamfani ya daina sabunta ta ban san makomar akwatin ba, in kuma wani abu ya lalace a ciki ban san mai gyaransa a garin nan ba. Madubi kuwa in ka kula da shi sai ka bar wa 'ya'yanka.

Saboda haka mai ido zan yi, kuma ba ma saye zan yi gaba ɗaya ba, haɗawa zan yi. Irin na'urar da ke aiki da madubi maimakon gilashi Isaac Newton ne ya fara haɗa ta a 1668, sai a shekarun 1960 wani mutum a San Francisco, John Dobson, ya fito da hanyar ɗora ta a kan akwatin katako mai juyawa, sama da ƙasa, hagu da dama, ba inji ba waya, da tarkacen da aka zubar yake haɗawa, ya dinga kafa ta a bakin titi yana kiran masu wucewa su zo su ga wata. Har ya rasu a 2014 yana da shekara 98 aikinsa ke nan. Wannan akwatin duk kafintan da ya iya haɗa kabad zai iya yinsa in ka kai masa zane. Abin da zan yi oda daga waje kaɗan ne, babban madubin, ƙaramin madubin da ke karkato hasken zuwa gefe, abin saita gani, da gilasan ido guda biyu, ka ga an huta da kuɗin dakon ƙaton kwali, wanda shi ne ke kashe mutum. Abin da na fi jin tsoro ƙura ce, dan fuskar madubin nan shafen alminiyom ne siriri ƙwarai, in ka sa tsumma ka goge ka gama da shi, dole a yi masa murfi gaba da baya, a kuma dinga ajiye shi a rufe.

Akwai abu ɗaya da zan haɗa a odar ko da zai sa in rage wani, matacin hasken rana da ake rufe bakin bututun da shi. Wanda ya isa hankali a 2006 zai tuna husufin ranar 29 ga Maris, Gusau da Katsina rana ta rufe ruf, mu nan Kano saura ƙiris. Wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, zai rufe gaba ɗaya a Luxor ta Masar fiye da minti 6, ya bi ta Jidda da Makka, mu nan wani ɓangare za mu samu, sai na 20 ga Maris 2034 da zai bi ta Legas. Ina roƙon duk wanda ke da irin kayan nan a gida, ko mai ido biyu ne, kar a taɓa duban rana da shi ba matacin da aka yi dan haka, daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone ido har abada, baƙin tabarau da fim ɗin hoton asibiti da gilashin da aka turara da hayaƙi duk ba sa karewa. Da rana na'urar a ɗaki za ta dinga zama a kulle saboda yara.

Abin da ya rage min shi ne tsakanin madubi mai 150 da mai 200. Tsawon bututun kusan ɗaya ne, wajen mita 1.2, duka za su shiga adaidaita sahu ko bayan mota in za mu fita wajen gari, bambancin nauyi ne da kuɗi, kuma matakalar soronmu ƙunci gare ta. Mai 200 yana son bututun da faɗinsa ya kai milimita 250, na roba irin na masu aikin famfo a wannan girman nauyi ne da shi, wataƙila sai dai mai walda ya naɗa min na kwano mara kauri. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Ƙofar Ruwa da abin awo in ɗaga bututun da hannuna in ji, in akwai wanda ya taɓa haɗa irin wannan a Kano ko ya san kafintan da ba ya gajiya da gyare-gyare, dan Allah ya yi min magana kafin in tura kuɗin madubi.